Baƙi Nawa Ne A Cikinmu?

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Amarawa, Illela)



An nemi in yi magana a kan abin da ya shafi aikina, wato lissafin jama'a. Sai na zaɓi tambayar da ta fi shafarmu mu mutanen kan iyaka: baƙi nawa ne ke zaune a ƙasar nan, kuma ta yaya hukuma ke sanin yawansu?

Kafin a ƙirga baƙo, sai an san wane ne baƙon. Ma'aikatan ƙididdiga tambaya biyu suke yi, ta farko ina aka haife ka, ta biyu kuma ɗan wace ƙasa ne kai. A wani wuri amsar ɗaya ce, amma ban da nan. A ce matar wani ɗan Amarawa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Birnin Ƙonni, ta haihu can. Yaron nan haihuwar waje ne, amma ɗan Nijeriya ne cikakke, domin sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi wannan matsayi ta wajen mahaifinsa. Shi kuwa wanda aka haifa a Illela, alhali iyayensa da kakanninsa duk mutanen Tawa ne, haihuwar gida ne, amma haihuwar kaɗai ba ta mayar da shi ɗan ƙasa a doka ba. Saboda haka duk wanda ya kawo muku adadin baƙi, ku fara tambayarsa wace daga cikin biyun ya ƙirga. Asalin ruɗanin kuwa sananne ne: yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 su suka shata iyakar nan a tsakanin dangi masu harshe ɗaya.

Hanya mafi inganci ita ce ƙidayar jama'a ta gida-gida. An yi ta a 1991, aka sake a 2006, inda aka sami mutum miliyan 140 da ɗoriya, cikinsu 'yan wasu ƙasashe kusan miliyan ɗaya. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2020 akwai baƙin haihuwar waje kimanin miliyan 1.3 a Nijeriya. To idan an daɗe ba a yi ƙidaya ba, dole a koma ga binciken samfuri.

Aikin samfuri ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san kasuwar Illela. Mai sayen gero ba ya zazzage buhu. Hannu yake tsomawa ya ɗebo kaɗan ya duba. Haka ma'aikata ke yi. An riga an yanka ƙasa zuwa ƙananan yankunan ƙidaya. Sai a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, a rubuta gidajen da ke cikinsu, a sake zaɓen wasu gidaje a yi musu tambayoyi. Misali kawai: idan an shiga gida ɗaya cikin kowane ɗari, aka sami haihuwar waje 40, sai a ninka da ɗari a ce akwai kimanin 4,000.

Amma geron buhu a gauraye yake, baƙi kuwa ba haka suke zama ba. Sukan taru a unguwa ɗaya ko zango ɗaya. Idan ƙuri'a ta faɗa kan zangon, adadi ya kumbura; idan ta tsallake shi, ya zube. Na biyu, binciken gidaje ba ya riskar wanda ke kwana a tasha ko rumfar kasuwa, ko makiyayin da ke tafe da dabbobinsa. Na uku shi ne lokaci. Wanda ya yi bincike da damina zai tarar masu cin rani sun koma gonakinsu, wanda ya yi da rani kuwa zai tarar da gari a cike. Wannan ya sa a ranin 1952 zuwa 1953, a binciken da Bature Mansell Prothero ya yi rubutu a kai, a kan hanyoyi da mashigan koguna aka tsaya aka ƙirga masu cin rani na lardin Sakkwato. Ya kuma sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki wata 12 a matsayin ma'aunin wanda ya yi ƙaura ta dogon zama.

Babbar matsalar dai ita ce tsoro. Dattawanmu ba su manta da Janairun 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, haka kuma aka sake a 1985. Mu kanmu mun ga an rufe iyakar nan daga 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba mutanen yankin damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba. Wanda ya ga duk wannan, idan mai biro da takarda ya tambaye shi inda aka haife shi, me kuke zaton zai ce? Ga shi Hausarsa irin tamu ce, ba mai iya musa masa.

Wani zai ce ina ruwanmu? Da ruwanmu, domin da waɗannan alƙaluma ake tsara yawan azuzuwa da malamai da allurar rigakafi da maganin asibiti. Ƙyanda ba ta tambayar fasfo. Idan an rubuta mu ƙasa da yadda muke, abin da aka auna wa mutum goma shi mutum goma sha biyar za su raba. Sannan inda babu sahihin adadi, jita-jita ce ke maye gurbinsa, har a riƙa ɗora wa baƙi laifin da ba nasu ba.

Don haka roƙona ga 'yan ƙungiya shi ne, duk ranar da masu ƙidaya ko bincike suka zo, mu shiga gaba tare da masu unguwanni da limamai mu wayar da kan jama'a. Mu sanar da su cewa ma'aikacin ƙididdiga daban yake da jami'in shige-da-fice, kuma dokar ƙididdiga ta 2007 ta hana a bayyana amsar mutum da sunansa. Ku kuma ƙannenmu, ku riƙe darasin lissafi da kyau, don aikin nan yana buƙatar 'yan gari waɗanda suka san Ƙonni kamar yadda suka san Illela.

Allah Ya ɗaukaka makarantarmu, Ya mayar da kowa gida lafiya.