Haɗiye Kuka a Kasuwar Kure



Yau mu leƙa Kasuwar Kure ta Minna, mai sunan tsohon gwamnan Neja, marigayi Abdulƙadir Kure. Ɗan kasuwa na tsakiyar ciniki, aka bugo waya: mahaifiyarsa ta rasu. Ya yi salati. Ya haɗiye kuka. Ya miƙa wa mai saye canjinsa cif. Dauriya ke nan, kuma ina girmama ta.

Amma dauriya ba ta haramta hawaye ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Don haka, maƙwabci, in ka ga idonsa ya ciko, kada ka ce masa namiji ba ya kuka. Ka tsare masa shago, ka sa yaro ya raka shi tasha.