Tallafin Taki da Manomin Karkara

 

Ba sai na ɓata muku lokaci da tarihin shirin ciyar da ƙasa na 1976, ko na bunƙasa noma na zamanin Shagari ba, domin kun san su, kun kuma san inda suka ƙare. Hujjata guda ce, wadda abokan aikina suka gaji da jin ta daga bakina. Bayan da Dakta Akinwumi Adesina ya zama ministan gona a 2011, ya bayyana cewa cikin kowane manoma 100, guda 11 kaɗai ne takin da hukuma ta yi wa rangwame yake isa hannunsu. Wannan shaida ce ta mai riƙe da ma'aikatar da kansa, kuma a shari'a iƙirarin mutum a kan gidansa ya fi shaidar baƙo ƙarfi. To, ina rabon sauran 89? Duk wanda ya taɓa zama a wata ƙaramar hukuma ta karkara, ya ga yadda tirela take sauke kaya a sakatariya, aka fitar da kason 'yan majalisa, da na shugabannin jam'iyya, da na waɗanda rabonsu da riƙe fartanya tun suna yara, har abin da ya rage ya zama buhu guda ga mutum biyar, ba ya bukatar a fassara masa wannan lissafi. Sa'an nan ga mas'alar lokaci, wadda ta fi satar muni a wurina, domin gero da dawa suna son taki ne tsakanin noman firi da maimai, alhali kuwa sau da yawa sai Agusta ta kama ake kiran manoma karɓa, watau ihu bayan hari, sai talaka ya sayar da buhun ga dillali a bakin ƙofa, ya sayi tsabar da zai ci.

A 2012 aka gwada wata hanya: a yi wa manomi rajista, a aiko masa saƙo ta wayar hannu, ya je wurin dillali ya karɓi buhu 2, kamfa da yuriya, a rabin kuɗi, gwamnatin tarayya da ta jiha su raba sauran rabin. Haƙiƙa shirin yana da aibu, amma abin da ya durƙusar da shi bashin da dillalai suka yi ta bin hukuma ne, har suka janye hannu. 

Na san wasu masana tattalin arziki suna cewa a janye tallafi baki ɗaya, a bar kasuwa ta yi halinta. Su fara kai wannan nasiha Amurka da Turai, inda baitulmali yake ɗauke da manomi har yau. Masu cewa ƙauye ba sabis ɗin waya kuma, wannan aikin injiniya ne.

Abin da nake kira gare shi tun da daɗewa bai sauya ba. A yi rajista mazaɓa-mazaɓa, a karanta sunayen a bainar jama'a gaban mai unguwa da liman, waɗanda suka san mai gona da mai baki; a liƙa sunan kowa da adadin buhunsa a bangon sakatariya; a ajiye kuɗin dillalai tun kafin a fara rabo; kuma duk takin da bai iso ba kafin ƙarshen Afrilu, a tuhumi wanda aka damƙa wa amanarsa.

Ku ɗalibai, idan kun koma gida hutu, ku nemi ganin wannan rajista a ƙaramar hukumarku.