Sinadaran tsirrai da cutar soriyasis: abin da bincike ya tabbatar da abin da ya rage wa ƙasar Arewa

Soriyasis cuta ce ta fata wadda asalinta ke cikin garkuwar jiki, inda wasu fararen ƙwayoyin jini ke sakin sinadaran kumburi ba tare da wata ƙwayar cuta ta shigo ba, sai fata ta riƙa sabuntuwa cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda, ta yi kauri tana ɓarewa a gwiwa, gwiwar hannu, ƙugu da fatar kai. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 100 ne ke fama da ita. A baƙar fata ba ta cika yin ja ba, takan yi duhu da ɓawo mai launin toka, shi ya sa a ƙasar Arewa ta jihar Doso, wato Matankari da ƙauyukan Dogondutsi da Tibiri, abu ne mai sauƙi a ɗauke ta a matsayin makero ko kirci, wani lokaci ma a yi wa mai ita kallon kuturu, a guji cin abinci tare da shi, wanda zalunci ne tsantsa.

Tarihin maganin cutar ya nuna cewa tsirrai sun cancanci a ɗauke su da muhimmanci. Daga garin wani itace na Barazil aka samo kirisarobin, wanda likitan Ingila Balmanno Squire ya bayyana amfaninsa a 1876, daga baya aka haɗa ditiranol a Jamus a 1916 bisa tsarinsa. Haka kuma soralen, wanda masana a Masar suka tace daga wani tsiro na bakin kogin Nilu, shi ne ya zama ginshiƙin maganin da ake haɗawa da hasken fitila na musamman tun 1974.

Misalin da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne shuni. Likitocin gargajiya na Sin sun daɗe suna amfani da garin shunin tsirrai, kuma a 2008 Lin Yin-Ku da abokan aikinsa na asibitin Chang Gung da ke Taiwan suka buga sakamakon gwaji a kan majinyata 42, inda aka shafa man shuni a gefe guda na jikin kowane majinyaci, aka shafa man da babu shuni a ɗaya gefen, tsawon mako 12. Gefen shuni ya samu sauƙi da kashi 81 cikin ɗari, ɗayan kuwa kashi 26. Ana danganta aikin da indirubin, wani jan sinadari da ke cikin shuni, wanda ke rage saurin hayayyafar ƙwayoyin fata da kumburi. Baba, tsiron da marina suka sani tun kaka da kakanni, yana cikin dangin da ake samun irin wannan shuni. Sai dai shunin kanti na masana'anta ne, ruwan rini na yau kuma yakan ƙunshi soda mai ƙona fata, sannan a Japan an samu waɗanda suka sha garin shuni suka kamu da hawan jini a jijiyoyin huhu.

Man kaɗanya yana da nasa matsayi, domin yana tausasa ɓawo yana rage tsagewa, musamman da hunturu, amma bai kai ga kwantar da garkuwar jiki ba. Hujjar da ake da ita kan dogon yaro, kurkum da habbatus sauda ba ta da ƙarfi tukuna. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne man shafawa mai sitiroyid da ake sayarwa a kasuwa ba tare da takardar likita ba, wanda ke ɓoye cutar, ta dawo da ƙarfi idan an daina. Kulorokin, maganin zazzaɓin cizon sauro, shi ma yana iya tayar da ita.

Don haka wannan takarda ke kira ga masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da su auna yawan indirubin da ke cikin tsiron baba na kwarin Dallol Mawri, su zauna da masu maganin gargajiya na Arewa su rubuta abin da suke bayarwa da adadinsa, hukumomin lafiya na jihar Doso kuma su fara da horar da ma'aikatan asibitocin karkara kan gane cutar a baƙar fata.