Tufka da Warwara: Aktin a Cikin Lafiya da Cuta

  

Abin da zan yi magana a kansa yau ido ba ya ganinsa, amma babu wanda ya shigo zauren nan sai da taimakonsa. Tsokar da ta ɗauko ku, da zuciyar da ke bugawa a ƙirjinku, da kunnen da kuke sauraro da shi, duk sun dogara ne a kan furotin ɗin da ake kira aktin. Maganata ɗaya ce: amfanin aktin yana cikin yadda ake haɗa shi ana kwance shi ba dare ba rana, cuta kuwa tana samun ƙofa ne idan wannan tsari ya lalace, ko wani maƙiyi ya ƙwace shi.

Mene ne aktin?

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da ƙwarangwal nata, wanda ke ba ta siffa, ya riƙe abin da ke cikinta, ya kuma ba ta ikon motsi. Zare iri uku ne suka haɗu suka yi shi, na aktin shi ne mafi siranta, kaurinsa kimanin nanomita 7. Gashin kai ya ninka shi kauri sau dubbai. Zaren kansa jerin ƙananan dunƙule ne, kowane dunƙule yana ɗauke da tubalan amino kimanin 375.

A shekarar 1942 ne Bruno Straub ya ware aktin daga tsoka, a ɗakin binciken Albert Szent-Györgyi da ke Jami'ar Szeged ta ƙasar Hangari. A 1954 kuma Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a ɓangare guda, Hugh Huxley da Jean Hanson a ɗaya ɓangaren, suka nuna cewa zarurrukan tsoka ba sa gajarta idan ta takure. Wani furotin ne mai suna mayosin yake kama aktin ya ja, ya saki, ya sake kamawa, da ƙarfin sinadarin ATP. Idan ATP ya ƙare, mayosin ba ya iya saki. Dalilin da ya sa ke nan gawa take sandarewa 'yan sa'o'i bayan fitar rai.

Daga baya aka gane cewa aktin bai tsaya a tsoka ba. Yana cikin tsirrai, yana cikin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, kuma aktin ɗin yis da namu sun yi daidai da kusan kashi 90 cikin 100.

Yadda yake aiki

A wurinmu tufka da warwara aikin banza ne. A cikin ƙwayar halitta kuwa da shi ake rayuwa. Zaren aktin baki biyu gare shi: ta ɗaya ana ƙara dunƙule, ta ɗayan ana cirewa, wanda aka cire a sake mayar da shi gaba. Da haka farar ƙwayar jini take tura goshinta ta bi sawun ƙwayar cuta har ta haɗiye ta. Da haka ƙwayoyin fata suke rarrafowa su rufe rauni. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, zoben aktin da mayosin ne yake shaƙe tsakiyarta har ta yanke. Furotin fiye da ɗari ne ke kula da wannan aiki, wani ya fara zare, wani ya yi masa reshe, wani ya toshe bakinsa, wani ya datse shi.

Kuskuren da ake gada

Mutum yana da ƙwayoyin gado shida na aktin, kuma kowace idan ta samu matsala akwai cutar da take haifarwa. Ta tsokar jiki, ACTA1, tana kawo jariri mai laushin jiki wanda tsotso da numfashi ke yi masa wuya. Ta zuciya, ACTC1, tana sa tsokar zuciya ta yi kauri fiye da kima ko ta saki. ACTA2 tana raunana bangon babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, ta kumbura, har ta kai ga tsagewa. ACTG2 tana hana hanji da mafitsara tura abin da ke cikinsu. Sauran biyun, ACTB da ACTG1, suna aiki kusan a ko'ina, kuma aktin ɗin da suke samarwa ya bambanta ne da tubali huɗu kacal. Duk da haka wasu kurakuran ACTG1 kurumta suke kawowa sannu a hankali, domin 'yan tsirayen da ke karɓar sauti a can cikin kunne da aktin aka cika su.

Wani lokaci aktin lafiyarsa ƙalau, mai kula da shi ne ya gaza. A cutar Duchenne, furotin ɗin da ke ɗaure aktin da fatar ƙwayar tsoka ne babu, sai tsokar yaro ta riƙa yagewa kaɗan kaɗan har tafiya ta gagare shi. Ciwon daji kuwa ta wata fuskar yake zuwa: ƙwayar da ya kamata ta zauna wuri guda sai ta tayar da injin rarrafen nan, ta huda naman da ke kewaye da ita, ta shiga jini. Wannan yaɗuwa ita ce ke kashe mafi yawan masu ciwon.

Maƙiyin da ke ƙwace aktin

A 1989 Lewis Tilney da Daniel Portnoy, a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, suka ga yadda Listeria, ƙwayar cutar da ake samu a gurɓataccen abinci, take tara aktin ɗin mutum a bayanta ya zama wutsiya, wutsiyar ta riƙa tura ta daga ƙwaya zuwa ƙwaya ba tare da ta fito fili garkuwar jiki ta gan ta ba. Shigella mai kawo atini ita ma haka take yi.

Amma misalin da ya fi shafar mu shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Nijeriya suke. Jar ƙwayar jini tana yin kwana 120 tana matsewa ta hanyoyin da suka fi ta ƙunci, ba ta fashe ba, saboda a ƙarƙashin fatarta akwai saƙa ta furotin sifektirin wadda gajerun zarurrukan aktin ke riƙe mahaɗanta. Ƙwayar cutar Plasmodium falciparum tana shiga cikinta da injin aktin da mayosin nata na kanta. Da ta zauna sai ta fuskanci haɗari: idan jini ya kai ta saifa, saifa za ta tace ta. Don haka take aika wani furotin mai danƙo zuwa bayan jar ƙwayar, ya zauna a kan wasu 'yan ƙuraje, ƙwayar ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi. Wannan mannewa ce ke toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa yaro ya suma, ita ce kuma ke cika mabiyiyar mai ciki har a haifi jariri ƙarami.

To ta yaya furotin mai danƙon yake isa waje? A 2011 Marek Cyrklaff da Michael Lanzer da abokan aikinsu a Heidelberg ta Jamus suka buga amsar a mujallar Science. Ƙwayar cutar tana ɓalle aktin daga saƙar jar ƙwayar, ta sake haɗa shi ya zama dogayen zarurruka, kayanta su bi ta kansu zuwa fata. Sun kuma gano cewa a jinin da ke da himogulobin S ko C, zarurrukan ba sa ginuwa yadda take so, kayan ba sa isa da yawa, mannewar ta yi rauni.

Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu rukunin AS, wato waɗanda suka gaji himogulobin S daga ɗaya cikin iyayensu kawai, suna da kariya daga zazzaɓin, kuma bincike ya nuna kariyarsu daga mai tsananinsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Hanyoyin kariyar suna da dama, wannan kokawa a kan aktin ɗaya ce daga cikinsu. Kariyar ce ta sa himogulobin S ya yawaita a ƙasarmu, C kuma a arewacin Gana da Burkina Faso. Sai dai jama'a, a ji ni da kyau: mai AS yana kamuwa da zazzaɓi, yana bukatar gidan sauro da magani kamar kowa. Kuma farashin kariyar mun san shi, yaranmu masu sikila ne ke biya. A jinin SS, wasu jajayen ƙwayoyin kan lanƙwashe su ƙi miƙewa ko da iskar shaƙa ta dawo, domin saƙar aktin da sifektirin ɗinsu ta ƙulle, ta daina kwancewa. Gwajin jini kafin aure ba abin wasa ba ne.

Kammalawa

Za a tambaya: me ya sa ba a yi maganin da zai tsayar da aktin ba? Domin kowace ƙwaya a jiki tana bukatarsa. Sinadarin faloyidin, wanda ake samu daga wani naman kaza mai dafi, yana hana zaren kwancewa, shi ya sa amfaninsa ya tsaya a ɗakin bincike, wajen rina aktin don a gan shi. Dabarar ita ce a nufi abokan aikinsa. A 2022 Amurka ta amince da maganin mavacamten, wanda ke rage kamun da mayosin ɗin zuciya yake yi wa aktin. Injin Plasmodium ma ya bambanta da namu, kuma masana suna neman abin da zai kashe shi ya bar namu.

Ga ɗalibanmu, wannan aiki naku ne. Zazzaɓin a gidajenmu yake, masu sikila 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Ga shugabannin jami'o'i da masu riƙe da kuɗin bincike, roƙona shi ne a sayi madubin bincike mai inganci, a samar da wutar da ba ta yankewa a ɗakunan gwaji, a riƙe matasan da aka horar. Sabon magani daga sanin yadda ƙwayar halitta ke aiki yake fitowa, kuma muna da haƙƙin kasancewa cikin masu nemo shi.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a karatunmu.