'Ya'yanmu Masu Raunin Fahimta da Haƙƙinsu a Filin Wasa

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu wannan dama. An saba a irin wannan zama a yi maganar rijiyar burtsatse, ko kwalbati, ko gyaran azuzuwan da iska ta yaye wa rufi, kuma duk suna da muhimmanci. Amma bana mun nemi izini mu yi magana a kan wasu 'ya'yan garin nan waɗanda ba a taɓa kawo batunsu gaban taro ba, wato yara da matasa masu raunin fahimta, da yadda wasannin motsa jiki za su fito da su daga ƙuryar ɗaki zuwa cikin jama'a.

Su wa muke nufi?

Muna nufin yaron da tun yana ƙarami aka ga ya yi nawa wajen zama da tafiya da magana, da ya tasa kuma koyon karatu da lissafi da kula da kansa suka yi masa nauyi fiye da tsaransa. Wannan ba hauka ba ne, kuma ba taɓin hankali ba ne. Wani da abin aka haife shi, kamar masu lalurar Down. Wani wahalar naƙuda ce ta hana shi numfashi da wuri. Wani shawara ce ta kama shi yana jariri, wani sanƙarau, wani zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wani kuma tamowa ko rashin sinadarin aidin a abincin uwarsa lokacin goyon ciki. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta shekarar 1996 ba. Haka nan gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan haƙar zinariya na Jihar Zamfara a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara, ta kuma bar wasu da rauni a ƙwaƙwalwa.

Duk da haka, mun san sunayen da muke kiransu da su: dolo, gaula, sakarai, wani ma a ce ɗan ruwa ne. Idan ya fito waje yara su bi shi da tsokana da jifa. Idan iyaye suka gaji da wannan, sai su kulle shi a gida, ko don kunya ko don tsoron abin da zai same shi, musamman in mace ce.

Laifin da muka yi

Kafin mu nuna wa kowa yatsa, bari mu fara da kanmu. A kwalejin horon malamai an koya mana tsara darasin motsa jiki da shata filin tsere da toka, amma ba a koya mana abin da za mu yi da yaron da ya kasa haɗa baƙi da wasali ba. Saboda haka a shekarun da muka yi muna riƙe da makaranta, idan aka kawo irin wannan yaro ya yi zango ɗaya ko biyu ba a ga ci gaba ba, sai mu kira mahaifinsa mu ce ya koma da shi gida, ba ya ɗaukar karatu.

Akwai wani yaro da muka sallama ta haka. Duk lokacin da ake atisayen gasar wasannin makaranta, sai ya zo ya tsaya a bayan shinge. Da malamin wasanni ya hura usur, sai shi ma ya zuba a guje ta waje, babu takalmi, yana jerawa da na ciki, kuma sau da yawa yakan riga wasunsu kai wa ƙarshe. Muna tsaye a barandar ofis muna kallo muna dariya. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai mu buɗe masa ƙofa ba. Bayan shekaru mun sake ganinsa a zauren gidansu, ya yi ƙiba, ƙafafu sun kumbura, tashi ma sai an kama shi. Wannan yaro shi ne dalilin jawabinmu na yau.

Abin da wasu suka gano

A farkon shekarun 1960, wani masanin ilimin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada, Dokta Frank Hayden, ya yi bincike a kan irin waɗannan yara a birnin Toronto. A lokacin an ɗauka rashin ƙarfin jikinsu daga lalurarsu yake. Sai ya nuna cewa rashin ba su dama ne ya jawo shi, domin da aka ba su horo a kai a kai, jikinsu ya yi ƙwari, suka kuma koyi wasanni.

A wannan zamani kuma, a Amurka, akwai Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar Shugaba John Kennedy, wadda yayarta Rosemary take da raunin fahimta. A 1962 ta buɗe filin gidanta da ke Jihar Maryland ta riƙa tara irin waɗannan yara suna gudu da ninƙaya da wasan ƙwallo. Daga wannan ƙaramin mafari, tare da gudummawar Dokta Hayden, aka shirya gasar farko ta Special Olympics a birnin Chicago cikin watan Yuli na 1968, inda 'yan wasa kimanin 1,000 daga Amurka da Kanada suka halarta. A 1988 kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya amince da ƙungiyar. An yi babbar gasarta ta duniya a Abu Dhabi a 2019, sannan a Berlin ta ƙasar Jamus a 2023, inda 'yan wasa fiye da 6,000 suka hallara. Nijeriya tana da reshen ƙungiyar, kuma ta aika 'yan wasanta zuwa waɗannan gasanni biyu.

Sai dai ba manyan bukukuwan ne suka fi jan hankalinmu ba. Ginshiƙin aikin shi ne horon mako-mako da ake yi a filayen unguwa da na makarantu, a hannun 'yan sa kai. Akwai ƙa'idoji uku a tsarin nasu da ya kamata mu lura da su.

Ta farko, ba a haɗa gwani da ɗan koyo. Ana fara gwada kowa, sannan a kasa su rukuni-rukuni bisa shekaru da jinsi da iyawa, kowane rukuni daga mutum 3 zuwa 8. Ta haka wanda ke ɗingishi yana karawa ne da irinsa, kuma yana da damar cin nasara ta gaskiya. Na ɗaya zuwa na uku suna samun lambar yabo, sauran ma kowa yana komawa gida da shaidar ya shiga gasa. Ana shiga gasa daga shekara 8, 'yan shekara 2 zuwa 7 kuwa suna da nasu wasannin share fage.

Ta biyu, suna da tsarin haɗa masu lalura da marasa lalura a ƙungiya ɗaya. A ƙwallon ƙafa ta mutum biyar-biyar, alal misali, uku masu raunin fahimta ne, biyu kuma abokan wasa. Hikimar a fili take: yaron da ya ba wa ɗan'uwansa ƙwallo ya ci, suka rungume juna don murna, da wuya gobe ya ɗauki dutse ya jefe shi.

Ta uku, tun 1997 suka shigar da duba lafiya kyauta cikin shirin, ana duba ido da haƙori da kunne da sauransu. Sau da yawa yaron da ake cewa ba ya jin magana, ashe kunnen ne ba ya ji sosai, shi kuwa ba shi da bakin da zai faɗa.

Abin da muke roƙo

Wani zai ce wannan harkar Turawa ce. To, mu tuna a ƙasar nan aka ƙirƙiro ƙwallon guragu, a hannun Misbahu Lawan Didi a 1988, kuma duk wanda ya taɓa kallonta ya san yadda ta ɗaga darajar masu yin ta. Kuma doka tana bayanmu. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda sashe na 30 nata ya ambaci haƙƙin shiga wasanni. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga mutumin da ya karya ta. Amma doka ba za ta zo ta buɗe ƙofar filin makarantarmu ba. Wannan aikinmu ne.

Don haka muna gabatar wa taro waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, a roƙi masu unguwanni su taimaka a san gidajen da irin waɗannan yara suke, cikin sirri da mutunci, iyayenmu mata na ƙungiya su shiga su zanta da uwayensu. Kada a tilasta wa kowa.

Na biyu, a nemi izinin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a riƙa amfani da filin makarantar firamare kowace Asabar da safe, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, kafin rana ta yi zafi. A fara da abin da muke da shi: tafiya, tsere, jifa da cafe ƙwallo, da ƙwallon ƙafa. 'Yan mata su sami nasu gefen a hannun malamai mata, a sa musu gaɗa da carafke tare da tsere.

Na uku, kada yaro ya fara sai ma'aikacin lafiya ya duba shi. Kusan rabin masu lalurar Down ana haifarsu da matsalar zuciya, wasunsu kuma gaɓar wuyansu ba ta da ƙwari, don haka ba a sa su alkafura ko kokawa sai likita ya yarda. Wasu yaran suna da farfaɗiya. Masu horarwa su sani ba a ɗaukarta, kuma idan ta tashi a kwantar da yaro ta gefe, kada a tura masa komai a baki.

Na huɗu, kada a bar babba ɗaya ya kaɗaice da yaro, kuma kowane yaro ya zo da wani nasa. Waɗannan yara ba sa iya kai ƙara, saboda haka amanarsu ta fi ta kowa nauyi.

Na biyar, ku 'yan uwanmu mazauna birane, rabonku a wannan aiki babba ne. A cikinku akwai likitoci da malaman jinya da za su iya ba da yini ɗaya idan sun zo hutun salla. Akwai 'yan kasuwa da ƙwallo goma da riguna ba za su gagare su ba. Akwai kuma waɗanda za su iya tuntuɓar reshen Special Olympics na Nijeriya don neman a horar mana da malamai. Fiye da haka, muna sane cewa a wasu gidajenku na birni akwai irin wannan yaro, ana kulle shi a ɗaki idan baƙi sun zo, ko an turo shi gida wurin kaka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Idan za ku zo baɗi, ku zo da shi.

Kammalawa

Mun san za a ce garin da ke fama da ƙarancin ruwa da magani ina ruwansa da ƙwallo. Amsarmu ita ce wannan aiki ba zai taɓa kuɗin rijiya ba, domin fili muna da shi, malaman da suka yi ritaya irinmu kuma muna nan muna zaman kashe wando. Ba mu ce wasa zai warkar da kowa ba, lalurar ba ta warkewa. Amma yaron da ya koyi bin layi, da jiran usur, da sa takalminsa da kansa, ya kama hanyar koyon kiwo ko wata ƙaramar sana'a, uwarsa kuma ta sami sa'ida da abokan shawara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna roƙon shugaban taro ya sa wannan batu cikin ƙudurorin bana, a kafa ƙaramin kwamiti da zai kawo rahoto a taro mai zuwa. Mu dai mun ba da sunanmu tun yanzu, kuma usur ɗinmu na nan bai ɓata ba. Wancan yaro mun bar shi a bayan shinge, kada mu bar ƙannensa.

Allah ya taimaki garinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.