Daga Kwabo Zuwa Eko: Batun Kuɗin Bai Ɗaya a Afirka ta Yamma



Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka daɗe ana bugawa a nan Tudun Wada, ta ari sunanta ne daga kuɗin da ba na Nijeriya kaɗai ba. A 1912 Turawan Ingila suka kafa hukuma guda mai yi wa Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya, watau fam da sule da kwabo, waɗanda sannu a hankali suka ture wuri. A wancan zamani falken goro kan kai kuɗinsa Kumasi daga Zariya ba tare da ya nemi ɗan canji ba.

Da mulkin kai ya ƙarato, sai kowace ƙasa ta ɗauki kuɗinta tamkar tutarta. Gana ta ware a 1958. Nijeriya ta fito da nata fam a 1959, sa'an nan a 1973 ta koma naira, bisa lissafin naira 2 a fam guda. Nijar kuwa ta zauna a kan sefa, wadda Faransa ta ƙirƙiro a 1945. Saboda haka Bamaraɗe da Bakatsine, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, sai ga ɗan canji a tsakaninsu. Da aka zabge rabin darajar sefa a 1994, lissafin fatake ya rushe cikin dare guda.

Maganin da ƙungiyar ECOWAS ta kawo shi ne Eko. An sha ɗage ranar fitowarsa, har a 2021 aka tsayar da 2027. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a 2025 ta ƙara dagula al'amarin, domin iyakar da Hausawa suka fi ratsawa ta faɗa waje da shirin.

Akwai kuma wahalar canjin kanta. A 1984, da kuma 2023, an ga yadda gajeren wa'adi ya bar talaka da tsohon kuɗi a hannu, ko da dogon layi a ƙofar banki. Ashe ke nan sharaɗin farko shi ne gwamnatoci su kame hannu daga cin bashi, su shawo kan tsadar kaya, su kuma ba mutumin ƙauye isasshen lokaci. Kuɗi amana ne. In ba a yarda da mai buga shi ba, sauya masa suna ba zai ƙara masa daraja ba.