Ayarin Jiragen Yaƙi Daga Takoradi Zuwa Masar

Idan aka yi zancen yaƙin Hitila a hamadar Afirka ta Arewa, akan ambaci Rommel da Montgomery da El Alamein. Ba safai ake tambayar ta wace hanya jiragen saman Ingila suka isa fagen fama ba. To, da yawansu ta Kano suka bi.

A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga yaƙi a gefen Jamus, sai Bahar Rum ta zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Zagayawa ta ƙarshen kudancin Afirka kuwa kan ci makonni masu yawa. Saboda haka aka riƙa zuba jiragen yaƙi cikin manyan akwatuna, a sauke su a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, makanikai su harhaɗa su, a gwada, sa'an nan su tashi. Ayari na farko ya tashi a watan Satumba na 1940.

Na ce ayari, domin tsarin tafiyar tamkar na fatake ne. Ƙaramin jirgin nan Hurricane mutum guda yake ɗauka, ba shi da mai duba hanya, tankinsa kuma ba ya kai shi nesa sai an ƙara masa wani. Don haka jirgi mai inji biyu, samfurin Blenheim, shi ne jagaba, ƙananan kamar shida na biye da shi. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, Maiduguri, Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, Janaina, Fashir, Hartum, daga nan su bi Kogin Nilu har Masar. Kusan mil 4,000 ke nan, cikin kwana shida idan an yi sa'a. Wanda kakansa ya tafi aikin hajji a ƙasa zai gane yawancin zangunan nan.

Wahalar ba ƙarama ba ce. Hazo kan rufe ƙasa, ƙura ta cinye inji tun bai ga abokan gaba ba. Har farin fenti akan shafa a bayan jiragen, domin a hango wanda ya faɗi a daji.

A ganina, mutumin da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba shi ne Félix Éboué, gwamnan Chadi, baƙar fata ɗan Giyana ta Faransa. A watan Agusta na 1940 ya bi Janar de Gaulle, alhali Nijar na hannun gwamnatin Vichy. Da Chadi ta bi sahun Nijar, da hanyar ta yanke a tsakiya. Jamusawa ma sun san darajarta: a Janairu na 1942 jirginsu guda ya ƙetaro Sahara daga Libiya, ya jefa bamabamai a kan ma'ajiyar man fetur ta Fort Lamy. Duk da haka ayarin bai tsaya ba, kafin ƙarshen 1943 jiragen da suka bi hanyar sun haura 5,000.